Tarihin Masu Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Da Namun Daji Don Sha'awa

 A 'yan shekarun nan na lura wata sha'awa ta kama wasu daga cikinmu, musamman waɗanda suka ajiye aiki suka sami sararin zama a gona ko a ƙofar gida. Duk inda biyu ko uku suka haɗu, kafin a gama gaisawa wani ya zaro waya yana nuna hoton shamuwa a kan kuka, wani na balbela a bayan saniya, wani kuma na giwar da ya ci sa'ar gani a Yankari. Akwai masu yi musu dariya, wai tsufa ne ya dawo da wasan yara. Ni kuwa a ganina aiki ne mai tushe, wanda tarihinsa ya haura shekara 130. Shi nake so in ɗan gutsuro muku a wannan fitowa, don mu ga yadda hoton da mutum ya ɗauka don jin daɗin kansa yakan zama shaida, wani lokaci ma ita kaɗai ce shaidar da za ta rage.

Lokacin da dabba ta fi ƙarfin kyamara

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, ta hannun wani mai suna Louis Daguerre. To, amma kyamarar farko ba ta san gaggawa ba. Wanda za a ɗauka sai ya zauna cik na tsawon lokaci, ba motsi, in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi. Mutum ana iya roƙonsa ya tsaya. Barewa fa, wa zai gaya mata? Saboda haka hotunan dabbobi na farko yawancinsu na matattu ne, ko na fatar da aka cusa wa ciyawa aka tsayar, ko na waɗanda ke tsare a gidan namun daji. Ga kuma nauyin kaya: akwatin katako, da ƙafafu uku na ɗora shi, da farantan gilashi waɗanda a kansu hoton ke fita. Akwai lokacin da dole sai an shafa wa farantin magani nan take, a ɗauka, a kuma wanke tun bai bushe ba, watau mai hoto sai ya tafi daji da ɗakin duhunsa.

Duk da wannan wahala, akwai hoton wancan zamani da ya isa a tuna da shi. A Afirka ta Kudu an yi wani irin jakin dawa da ake kira kwaga, mai zane a kai da wuya da gaban jiki, bayansa kuwa ja-ja ne ba zane. Turawan da suka kafa gonaki a can suka yi ta harbinsa don nama da fata, da kuma don ya bar wa tumakinsu ciyawa. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Amsterdam ran 12 ga Agusta, 1883, kuma a ranar ba wanda ya san ita ce ta ƙarshe. Kwaga ɗaya tak aka taɓa ɗauka hoto tana da rai, wata macen da ke gidan namun daji na Landan, tsakanin 1863 da 1870. Hotuna biyar aka sani nata. Duk wanda yake so ya ga yadda wannan dabba take tsayuwa da ranta, waɗannan biyar ɗin su ne iyakar abin da duniya ta mallaka.

Kyamara ta shiga hannun kowa

Sauƙi ya fara samuwa da aka ƙirƙiro busasshen faranti mai saurin kama haske. Sa'an nan a 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, ƙarama, da fim na hoto 100 a cikinta, a kan dala 25. In ka gama ɗauka sai ka aika da ita kamfani, a wanke maka, a sa sabon fim, a dawo maka da ita. A 1900 kamfanin ya fito da Brownie a kan dala ɗaya. Daga nan ɗaukar hoto ya fita daga hannun gwanaye kaɗai, ya shiga hannun malamin makaranta da akawu da ɗan makaranta.

A Ingila wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, 'ya'yan ƙauye ne daga yankin Yorkshire, su suka nuna abin da za a iya yi. A 1892 Cherry ya ɗauki hoton sheƙar wani tsuntsu da ƙwai a ciki. Wannan ya ba su shawarar yin littafi, kuma a 1895 suka buga littafin sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, wanda duk hotunan cikinsa na kyamara ne, ba zanen hannu ko ɗaya. Sun hau itatuwa da tsani, sun sauka bakin duwatsun teku da igiya. Da suka ga tsuntsu ba ya yarda da mutum, sai suka sa aka yi musu sa na ƙarya, fatar sa a kan firam na katako, mutum ya shiga ciki da kyamararsa, gilashinta na leƙowa ta ƙirji. Wata rana jiri ya ɗebi ɗayansu a ciki, san ya kife ƙafafu sama. Da ɗan'uwan ya iso, sai da ya ɗauki hoton abin tukuna ya fid da shi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiya suna kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci nama bai farga ba. Ilimin ɗaya ne: sanin iska, da sanin lokacin da dabba ke zuwa ruwa, da haƙurin zama. Bambancin kawai abin da ke hannun mutum sa'ad da ya kai kusa.

Haka ma George Shiras na Amurka, daga farauta ya fara. Lauya ne, har ya yi zama a majalisar dokokin ƙasarsu daga 1903 zuwa 1905. Ya aro dabarar maharban ƙabilar Ojibwa, waɗanda kan sa wuta a goshin kwalekwale da dare, dabba ta tsaya tana kallon hasken. Shi kuwa a maimakon bindiga sai ya ɗora kyamara da garin da ke ba da walƙiya. Ya kuma ƙirƙiro tarkon hoto, inda ake ɗaura zare a hanyar dabba, in ta taɓa shi sai ta ɗauki kanta da kanta. A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. Mutum biyu daga cikin shugabannin ƙungiyar suka yi murabus don fushi, a ganinsu an mai da mujallar ilimi littafin hotuna. Masu karatu kuwa suka yi ta rububinta. Tarkon da Shiras ya fara da zare, jikokinsa ne kyamarorin da masu bincike ke ɗaurawa a jikin itatuwa yau don ƙidayar damisa da zaki.

Sai kuma wata mace, Emma Turner, ita ma 'yar Ingila. Ta haura shekara 30 kafin ta fara, bayan ta haɗu da Richard Kearton a 1900. Ta riƙa zama a cikin jirgin ruwa mai ɗaki a fadamun Norfolk. Akwai wani tsuntsu dangin zalɓe da ya daina haihuwa a Birtaniya tun cikin ƙarni na 19, saboda an janye ruwan fadamu an kuma yi ta harbinsa. A 1911 ta kutsa cikin ruwa da ciyawa ta samo ɗan tsakonsa, ta ɗauke shi hoto. Wannan hoto shi ya tabbatar wa masana cewa tsuntsun ya dawo. Da baki kawai ta faɗa, da an yi ta gardama. Gani ya kori ji.

Ku lura, ba ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya fara a matsayin masanin kimiyya. Sha'awa ce ta ja su, ilimi ya biyo baya.

Yadda abin ya iso ƙasarmu

A Nijeriya aikin ya shigo ne ta hannun ma'aikatan zamanin Turawa. A 1930 wani jami'in mulki, A.F.B. Bridges, ya kafa ƙungiyar Nigerian Field Society, wadda ta fara buga mujallarta a 1931. Yawancin masu rubutu a ciki ba aikinsu ke nan ba. Likitoci ne da malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji da na gona, kowa na aiko da abin da ya gani a inda aka tura shi. A tsakanin 1930 da 1951 David Bannerman ya buga littafinsa mai juzu'i takwas a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, kuma ya dogara ƙwarai da rahotannin irin waɗannan mutane. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta haɗa Afirka ta Yamma duka, da mujallarta Malimbus tun daga 1979. A cikinta ne aka buga jerin tsuntsayen tsohuwar Jihar Kano a 1981, wanda har yau da shi ake gwada abin da ke nan da abin da ya tafi.

A ɓangaren namun daji, an keɓe gandun Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da yawa daga cikinmu a can muka fara ganin giwa da ɓauna da gwanki ido da ido, a lokacin yawon buɗe ido na makaranta, muka kuma yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Malamanmu na kimiyyar halittu da na labarin ƙasa za su tuna wahalar da suka sha wajen hana mu surutu a cikin mota.

Amma akwai wani giɓi a tarihin nan, kuma a kansa nake so mu tsaya. Mutanenmu sun fi kowane baƙo sanin tsuntsayen ƙasarsu. Manomi ya san in shamuwa ta iso damina ta kusa. Yaro ya san kukan hasbiya daban da na kurciya, ya san inda fakara ke kwana. Sai dai wannan sani a ka yake, ba a takarda ba. Kyamara kuwa, da ta zo hannunmu, kanmu muka juya ta. Kun tuna mai hoton da kan zo makaranta da kekensa, a yi layi a gaban ɗakin karatu, kowa ya ari agogo ko tabarau. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, ga kuɗin wanki, ga jiran mako biyu. A irin wannan hali, wa zai ɓata hoto ɗaya a kan ungulu, alhali ga ta nan birjik a kan rufin mahauta? Tsadar fim ce ta jawo haka, tare da zaton cewa abin da ke da yawa ba ya ƙarewa.

Abin da ya ɓace muna kallo

To, ina ungulun take yau? Ina roƙon kowannenmu ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga ungulu a garinsu. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin mota a Barkina Faso da Mali da Nijar yana ƙidayar tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973. Bayan shekara 30, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan dai. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da ake tsaro. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ungulun gari, wadda muka taso muna jifa, cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kashe ta ana sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, ana sa guba a mushe, ana kuma sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ita ce kuwa ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta.

Gauraka ma haka. Tsuntsun da ake yi wa kallon alamar ƙasarmu, mai tukku kamar zinariya, wanda dattawa ke ba da labarin garkensa a fadamun arewa, yanzu ganinsa a daji a Nijeriya sai an yi babbar sa'a. An kama shi don ado a gidajen masu hali, fadamun da yake haihuwa kuma sun zama gonaki. Fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, ambaliyarta ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. An sa wani yanki nata cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000, amma takarda ba ta kawo ruwa.

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a da yana yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. Ya ƙare a dajinmu. Waɗanda ake gani a Sumu ta Jihar Bauchi daga Namibiya aka kawo su. Na asalin sun rage ne a Nijar kawai, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, kuma a 1996 guda 49 ne suka saura a duniya. Gwamnatin Nijar da mutanen ƙauyukan suka tashi tsaye, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji don a kafa garke na biyu. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne yadda ake ƙidayarsu. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa. Saboda haka ana ɗaukar kowanne hoto dama da hagu, a adana a kundi, a san wanda aka haifa da wanda ya ɓace. Nan kyamara ta zama rajista.

Zamanin waya

An ƙera kyamarar farko marar fim a kamfanin Kodak a 1975, amma sai bayan shekara 2000 ta yaɗu, daga baya kuma ta shige cikin wayar hannu. Yau abin da 'yan'uwan Kearton suka ɗauko a kafaɗa yana aljihun kowa, kuma ba kuɗin wanki. Kada wani ya ce waya ba ta isa ba. A watan Oktoba na 2020 wasu mutum biyu mazauna kudancin tsibirin Borneo a Indunusiya suka ci karo da wani ɗan tsuntsu da ba su sani ba. Suka ɗauke shi hoto, suka sake shi, suka aika wa masu sha'awar tsuntsaye na yankinsu. Ashe tsuntsu ne da masana ba su sake gani ba kusan shekara 170, tun da aka kai fatar guda ɗaya Turai.

A gida ma akwai inda za a kai irin wannan shaida. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. A kan duwatsun yankin ne aka gano wani ɗan tsuntsu ja, dangin baiwar Allah, wanda sai a 1998 aka rubuta shi a littafin kimiyya. Tun daga ƙarshen 2015 cibiyar ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara tsawo da faɗi, masu sa kai na shiga suna rubuta abin da suka gani. Nijeriya na da tsuntsaye iri fiye da 900. Matasanmu na arewa, maza da mata, sun shiga wannan aiki, kuma a wannan karon 'yan ƙasa ne ke riƙe da kyamarar da alƙalamin.

Sai dai aikin yana da ladubbansa, kuma tarihi ya koyar da su. Na farko gaskiya. Babbar gasar hoton namun daji ta Ingila, wadda aka fara a 1965 da hotuna 361, ta ƙwace kyautar 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na gida ne da aka horar. A 2018 ta sake ƙwace wata, da aka gano dabbar da ke hoton fata ce da aka cusa. Hoton da aka yi wa ƙarya ya tashi daga shaida. Na biyu tausayi. Ba a kusantar sheƙa har uwa ta gudu ta bar ƙwai a rana, ba a kuma kama tsuntsu a ɗaure don ya tsaya. Na uku sirri. In Allah ya nuna maka sheƙar ungulu ko ta gauraka, kada ka yi shelar wurin a kasuwa, don ba kowa ne ke nemanta da kyamara ba.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo biyu ga 'yan'uwa. Na farko, kowa ya buɗe tsohon akwatinsa. Hotunan yawon Yankari, da na Sallah a ƙofar fada, da na filin makaranta, a dube su da kyau. Sau da yawa a bayan mutanen da aka ɗauka akwai ungulaye a kan katanga, ko sheƙar shamuwa a kan rimin da aka sare tuni. In ka tuna shekara da wurin, rubuta a bayan hoton da fensir. Malamanmu, ranku ya daɗe, ku ne kuka fi mu irin wannan ajiya, kuma ku ne za ku iya gaya mana abin da ke cikin dajin bayan makaranta kafin a gina shi.

Na biyu, masu ɗauka yanzu su ci gaba, kuma kada su raina na kusa. Ba sai giwa ko zaki ba. Hankaka da cilakowa da tsattsewa da kanari, duk wanda ya sauka a gidanka ya cancanci hoto, domin ungulu ma a da ba wanda ya ga ta isa a ɗauka. Kowane hoto a haɗa shi da abu uku: rana, da wuri, da sunan tsuntsun da Hausa kamar yadda mutanen wurin ke kiransa, don sunayen ma suna ɓacewa daga bakin yaranmu. Ina ba kwamitin wannan mujalla shawarar ya ware shafi ɗaya a kowace fitowa don waɗannan hotuna, a kuma ajiye kwafinsu a ɗakin karatun makarantarmu, inda ɗaliban yanzu za su iya gani su gwada da abin da ya rage a kewayensu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da abokan karatu, ya ƙara wa sauran lafiya, ya kuma kai mu taro na gaba.